Gaisuwar Yaya a Kan Allo

Yayana mai gyaran keken ɗinki ne, kuma tun muna yara na san shi da hali guda: in ya koyi hanyar yin abu, to ya gama koyo. Ko hanyar kasuwa ce, ka nuna masa yanke, sai ya dube ka kamar ka ce ya haura katangar mutane. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ne ƙarami, kuma har yau da furfura ta cinye mini kai Auta yake ce mini a gaban kowa, har da jikokina. Shagona na zare da allura da maɓalli yana jikin nasa, bango ɗaya ne tsakaninmu, bangon ma siriri, in ya yi atishawa ni ke amsa masa.

Teloli suna kawo masa kawunan kekuna a rungume kamar masu kawo yaro asibiti. Ba ya saurin buɗewa. Sai ya murza keken da tafin hannu, ya karkata kai yana saurare, sannan ya jawo wani tsohon faranti ya fara kwance sukurori yana jera su daga hagu zuwa dama, ƙoshiyar zare a ƙarshe. In zai mayar, daga dama zuwa hagu. Ka taɓa masa farantin nan ka ji abin da ba ka taɓa ji ba daga bakin mutumin da ba ya zagi.

Wurin ubangidan da ya koya masa sana'a ya koyi wasan ches, darar nan ta Turawa mai sarki da sojoji. Tsohon ya nuna masa tafiyar kowane ɗa a kan allo, ya koya masa buɗe wasa iri ɗaya tak, ya ce wannan ya ishe shi. Yaya ya ɗauki maganar kamar wasiyya. Sojan da ke gaban sarauniya ya yi gaba gida biyu, giwa ta fito ta tsaya, sojan gaban sarki ya matsa gida ɗaya, doki ya fito, wani sojan ya tokare na tsakiya, ɗaya giwar, ɗaya dokin, sannan sarki ya shige lungu hasumiya ta tsare masa ƙofa. Haka kullum, ko da wa yake wasa, ko ruwa ake ko rana. In ya gama jerin nan sai ya jingina da kujera ya ce, "To, mun gaisa." Daga nan ne fa wasa ke farawa, kuma daga nan ne nake shan kashi. Na fi shekara talatin ina shan kashi a hannunsa, ta hanya ɗaya, a kusurwa ɗaya ta allo, har matata ta ce ko jaki ne ya ci a ce ya gane ramin.

Muna da ƙungiya, in har za a kira ta ƙungiya: tsofaffi ne da ba su kai goma ba, muna haɗuwa da yamma a ɗakin bayan shagon Mai Aski, cikin warin hoda da ƙarar fanka. A can aka raɗa wa buɗewar Yaya suna gaisuwa. Kuma da yake ba a katse wa babba gaisuwa, sai ya zama duk wanda ya zauna da shi yana fito da nasa 'ya'yan a hankali, ba ya kai hari, ba ya cin kowa, har sai sarkin Yaya ya shiga lungu. Ba wanda ya kafa dokar. Da wasa abin ya fara, a lokacin ne ma ake zuba shayi a yi tsegumi, tunda kowa ya san abin da zai biyo baya. Sabo turken wawa, in ji masu magana, mu kuwa duk mun ɗauru a turken nan muna dariya.

Da matarsa ta rasu, Yaya ya bar gida ya koma ɗan ɗakin da ke bayan shagonsa. Gado, risho, buta, rediyo, da allon ches a kan akwati. Ya ce nan ya ishe shi, kuma nan yake so mutuwa ta same shi in ta tashi zuwa, kada ta sha wahalar nema.

Sai abubuwa suka fara faruwa, ƙanana ƙanana. Ya ba wani tela keken wani. Ya tambaye ni labarin abokinmu da muka binne tare. Wata rana da hantsi na ji ƙauri ta bango, na zaga da gudu na tarar da tukunya ta ƙone ƙurmus a kan risho, shi kuma yana gaban shago yana goge allura hankalinsa kwance. Ban gaya wa kowa ba, amma ƙauri ba ya ɓuya, maƙwabta suka kai wa babbar 'yarsa labari.

Ita ma'aikaciyar jinya ce, Nas muke ce mata har a gida. Ta zo shagona cikin kayan aiki, ta gaishe ni a ladabce, sannan ta ce ta gyara wa babanta ɗaki a gidanta, can ɗaya gefen gari, za ta ɗauke shi ya bar zaman shago.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Yarinyar da na goya a kafaɗa ce za ta zo ta gaya mini yayana ya tashi daga aiki?

"Ke yanzu don tukunya ɗaya?" na ce. "Ni sau nawa na ƙona tukunya? Ki ɗauke ni mana ni ma."

"Baffa, ba tukunya ba ce. Jiya sunan marigayiya mahaifiyata ya kira ni da shi, kuma ba kuskuren baki ba ne, hira ya yi ta yi da ni a matsayinta."

"Kama kuke yi."

"Baffa."

"Mutumin da yake cinye ni kullum a kan allo? Kin san tunanin da wasan nan yake ci? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ki raba shi da shagon nan ki gani, wallahi kashe shi za ki yi da hannunki."

Ta ɗauki wani maɓalli tana murzawa a kan teburin shagon. Na ga idonta ya kawo ruwa, na ji kunyar kalmar da na faɗa, amma ban janye ba. Watanni muka yi a haka, ta zo ta faɗa, in kore ta da maganar allo. Da gasar ches da ake yi duk shekara ta matso, ita da kanta ta kawo shawara. Ta ce za ta zo ta zauna ta kalla. In ta ga abin da nake faɗa da idonta, ta bar maganar ɗauke shi. In ba ta gani ba, ni ma in bar mata ubanta. Na amsa da sauri har da tafa hannu, don a raina na riga na ci.

Gasar ba wata babba ba ce. Zauren wata makaranta ake ara ranar da babu karatu, a jera teburan ɗalibai biyu biyu, manya su cusa gwiwoyinsu a ƙarƙashi da ƙyar. Masu zuwa duk irinmu ne, direbobi, malamai, masu shaguna, 'yan fansho, ba gwani ko ɗaya. Bambancinta da ɗakin Mai Aski abu biyu ne. Akwai agogo mai fuska biyu a kowane tebur, ka yi tafiyarka ka danna, in lokacinka ya ƙare an cinye ka. Sannan 'yan kallo ba sa magana. Ko tari ka cika yi, waje za a nuna maka. Alƙalin wasa kuwa Akawu ne, abokinmu, tsohon ma'aikacin kotu, wanda in ya rataya igiyar katin alƙalanci a wuya ba ya sanin uwarsa.

Na je da Yaya da wuri. Ya sa rigarsa mai ruwan toka, ya shafa turare, yana ta gaisawa da mutane, wasu da sunansu wasu da na iyayensu. Nas ta iso ta zauna kusa da ni a bencin 'yan kallo, jakarta a cinya. Ni dai addu'ata ɗaya, ƙuri'a ta haɗa shi da ɗan ƙungiyarmu, don shekara da shekaru haka ake dacewa, kusan rabin zauren mu ne.

Ƙuri'a ta haɗa shi da wata baƙuwa. Matashiya ce siririya mai gilashi, an ce sabuwar malamar lissafi ce a makarantar, a waya ta koyi wasan. Gabana ya faɗi, ban ma san dalili ba tukuna. Na lallaɓa wurin Akawu na ce ko za a sake duba ƙuri'ar nan. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Auta, koma ka zauna." Na nufi wurin malamar. Ta miƙe ta gaishe ni da girmamawa. In ce mata me? A nan ba a taɓa yayana sai ya gama jera kayansa? Gasa ta zo, ba gaisuwar surukai ba. Na ce mata Allah ya ba da sa'a, na dawo benci ina jin haushin kaina da nata da na wanda ya ƙirƙiro waya.

Yaya ne da farare, shi zai fara. Ya tura sojan gaban sarauniya, ya danna agogo da ɗan yatsa ɗaya, cikin isa. Ta fito da doki. Ya fito da giwa. Na saki numfashi, na ɗan zunguri Nas da gwiwar hannu, wato ki gani.

Sai malamar ta turo wani soja daga gefe ya zo ya tsaya ƙirji da ƙirji da na tsakiyar Yaya. A ɗakin Mai Aski ba mai yin haka da wuri. Yaya bai ko kalle shi ba, ya matsar da sojan gaban sarki. Ta ɗauko sarauniyarta, tun wasa bai yi nisa ba, ta ajiye ta a wani gida can gefe tana kallon wani sojan Yaya na baya, wanda giwa ke tsaronsa kafin ta fita ta bar shi. Ko ni da ba gwani ba na ga abin. Tafiya ɗaya ce za ta kare shi. Yaya ya fito da dokinsa, don doki ne ke biye a jeri, ya danna agogo.

Ta ci sojan. Yanzu sarauniyarta tana cikin gidan Yaya, dab da hasumiyar da ke kusurwa.

Na ce a raina soja ɗaya ne, ba komai, yanzu zai farka. Ya kai hannu, hannun bai yi rawa ba, bai yi jinkiri ba, ya tura sojan da ke tokare na tsakiya, kamar yadda ya saba a wannan gaɓar. Fuskarsa fes, har da ɗan murmushin nan na mai jiran a kawo shayi.

Malamar ta daɗe ba ta motsa ba. Ta cire gilashi ta goge, ta mayar, ta dubi allo, ta dubi tsohon da ke gabanta. Tsoro take ji, tana zaton tarko ne, don wa zai ba ka hasumiya kyauta? Daga ƙarshe ta ɗauke ta, ta ajiye a gefenta, sarauniyarta ta zauna a can cikin kusurwa.

Mai Aski, da yake ya gama nasa wasan da wuri don an yi masa kaca-kaca, yana zaune a bayana. Ya sunkuyo ya sa baki a kunnena.

"Tarko ne fa! In ya fito da sarauniyarsa gaban dokin can, tata ta kulle a lungu, ba hanyar fita. Wallahi tsohon nan shu'umi ne."

Na duba, na ga gaskiyarsa. Ga gidan nan a buɗe, tafiya ɗaya. In ya yi ta, zauren nan kaf zai ce da gangan ya ba da hasumiyar, Nas kuma ta koma gida da jakarta. Na kafa wa gidan ido kamar ido zai iya tura itace. Na san tafiyar, ga ta a bakina, tsakanina da yayana bai fi tsawon tabarma ba. Na yi gyaran murya. Akawu ya juyo ya ɗaga mini yatsa.

Hannun Yaya ya tashi, ya bi ta saman sarauniya, ya wuce ta, ya ɗauki ɗaya giwar ya ajiye inda take zama kullum.

Mai Aski ya koma ya jingina. Malamar ta fitar da sarauniyarta daga lungun, ta ci wani sojan a hanya. Yaya ya fito da doki na biyu. Ta yi wata tafiya, ban ma ga ko mece ce ba. Ya ɗauki sarkinsa ya kai lungu, ya zagayo da hasumiyar da ta rage ta tsare ƙofa, ya danna agogo, ya jingina da kujera.

"To, mun gaisa," ya ce, da ƙarfi, cikin zauren da ba ka jin komai sai ƙas-ƙas na agogo.

Wasu 'yan ƙungiyarmu suka ɗago kai daga teburansu. Ba wanda ya yi dariya. A lokacin ne na gane abin da na yi watanni ina nuna wa Nas a matsayin hujja. Hannunsa ne ke tafiya a hanyar da ya sani, mu kuma muna matsa masa gefe ya wuce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ga shi kuwa ni na kawo shi bakin rafin da kaina, na kuma gayyato 'yarsa.

Malamar ta yi tafiyarta ta danna agogo. Sai a sannan Yaya ya sunkuya ya dubi allo da gaske, irin kallon da yake yi in wasa zai fara. Idonsa ya bi layi layi har ya kai kusurwar hagu. Ya tsaya. Ya kai yatsa ya taɓa gidan da babu kowa. Ya ɗaga gefen rigarsa ya duba cinya. Sannan ya tura kujera baya, ya dafa tebur, ya sunkuya da ƙyar yana leƙen ƙarƙashi.

"Auta," ya kira, kansa na ƙasan tebur. "Hasumiyata ta faɗi. Zo ka duba mini, idonka ya fi nawa."

Na miƙe tsaye. Ban san me zan yi ba in na isa, amma na miƙe. Akawu ya taho da sauri, ya tsaya tsakanina da teburin, igiyar wuyansa na lilo. Bai ɗaga mini yatsa ba wannan karon, hannuna kawai ya riƙe. Shi ma bai san abin yi ba, duk dokokin da ya haddace babu wadda ta yi maganar wannan.

Malamar ce ta ɗauko hasumiyar daga gefenta ta ɗora a tafin hannu.

"Baba, ga ta nan. Ba faɗuwa ta yi ba. Ni na ci ta."

Yaya ya ɗago, ya zauna daidai, ya dubi hasumiyar, ya dubi yarinyar.

"Yaushe?"

Ba ta amsa ba. Ta juya ta dubi Akawu, ta ce a hankali ko za ta iya mayar masa. Akawu ya girgiza kai. Ta ce to a yi canjaras, ita ta yarda. Yaya ya yi murmushi irin na babba ga yaro, ya ce mata ai ba a raba wasa tun ba a fara ba, ta yi tafiyarta kawai, kada ta ji tsoro. Alhali shi ake jira. Agogonsa ne ke tafiya.

Haka muka zauna. Ya naɗe hannuwa a ƙirji yana jiran ta, ita ta sunkuyar da kai tana jiran sa, ni ina tsaye Akawu na riƙe da ni. Sau biyu ta ce, "Baba, kai ne da tafiya," ya gyaɗa kai cikin ladabi bai motsa ba. Ban taɓa jin tausayi da haushi sun haɗu sun shaƙe ni irin na ranar ba, kuma ban san wa zan ji haushi ba. Na waiga wurin Nas ina shirin ganin fuskar wadda ta yi nasara. Ta cusa bakin mayafinta a baki tana cizo, hawaye na bin hannunta.

"Baffa," ta ce ƙasa ƙasa, "wallahi so na yi a ce kai ne da gaskiya."

Da lokacinsa ya ƙare, Akawu ya sake ni, ya je ya tsayar da agogon da tafin hannu. Malamar ta miƙe ta ba Yaya hannu biyu. Ya sa mata albarka.

Nas ta ce mu zo ta kai mu a motarta. Yaya ya shiga gaba, ni a baya. Rana ta yi sanyi, titi cike da masu komawa gida, shi kuma sai hira yake cikin nishaɗi. Ya ce yarinyar nan mai gilashi tana da tarbiyya, 'yar wane ce? Ya ce kujerun makarantar sun yi ƙanana, a gaya wa hukuma. Nas tana amsa masa da to Baba, haka ne Baba, idonta a kan hanya.

Muka iso kwanar layinmu, inda mai faci yake ajiye tayoyi. Daga nan ana hango rumfar shagon Yaya da tawa a jere. Nas ba ta rage gudu ba, ba ta kunna sigina ba. Na ɗaga hannu zan taɓa kafaɗarta in ce ta wuce kwana. Sai na dubi Yaya. Fuskarsa na jikin taga, layin da ya yi rayuwarsa a ciki yana wucewa ta gaban idonsa, rumfar da ya kafa da hannunsa, ƙofar da ya kulle da safen nan, bai ko juya kai ba. Yana ta maganar kujeru. Na mayar da hannuna cinya.

Sai da muka yi nisa Nas ta dube ni ta madubi.

"Baffa, kai a ina zan sauke ka?"

Na ce ta ci gaba da tafiya.